Sharhin Bayan Labarai: Annobar Korona da Zumuncin Likitocin Ƙwaƙwalwa na Duniya

Sharhinmu na yau ya shafi wani fanni na aikin likita da ba kasafai ake maganarsa ba sai ranar da buƙata ta kama mutum, wato tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da ƙashin baya. Za mu duba yadda annobar korona ta girgiza hulɗar da ke tsakanin likitocin wannan fanni na ƙasashe daban-daban, da abin da ya rushe, da abin da ya tsaya da ƙafarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona tun ranar 5 ga Mayun 2023, amma masana ba su daina gargaɗin cewa wata annobar na iya ɓullowa ba. Saboda haka yanzu ne lokacin yin lissafi, tun hankali yana kwance.

Bari mu fara da girman buƙatar. A shekarar 2015, kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai inganci da aljihunsu zai ɗauka a lokacin da suke buƙata. A 2018 kuma, wani bincike da aka buga a kan tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗai ya ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 13.8 ne ke buƙatar a yi musu irin wannan aiki, kuma kimanin miliyan 5 daga ciki ba sa samu, kusan dukkansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Binciken ya ce sai an ƙara likitoci sama da 23,000 kafin a cike giɓin. Ƙasar Japan tana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa fiye da 7,000. Najeriya, wadda ta fi Japan yawan jama'a nesa ba kusa ba, nata ba su kai 200 ba.

Su waye waɗannan marasa lafiya? Ɗan acaɓan da ya faɗi ya bugu a kai ba hular kwano. Jaririyar da ruwa ya taru mata a ƙwaƙwalwa, kai yana ta girma, ido yana juyewa ƙasa. Jaririn da aka haifa da ƙashin baya a buɗe. Magidancin da ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa, ganinsa yana dushewa wata bayan wata. Mai haƙar ƙasa da rami ya rufta masa ya karya masa baya. Babu unguwar da ba a san ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saboda wannan ƙaranci ne fannin ya daɗe yana jingine da haɗin gwiwar ƙasashe. Kafin annoba, hanyoyin haɗin gwiwar huɗu ne. Ta farko, likitocin Turai da Amurka da Asiya su zo su yi mako ɗaya ko biyu suna aiki suna koyarwa, kamar yadda Jami'ar Duke ta Amurka ke yi da asibitin Mulago na Kampala tun 2007, ko likitocin Weill Cornell na birnin New York da suka ƙulla da asibitin ƙashi na Muhimbili a Darussalam ta Tanzaniya. Ta biyu, matasan likitocinmu su je waje neman ƙwarewa. Ta uku, mai hali ya ɗauki maras lafiyarsa zuwa Indiya ko Masar ko Dubai ko Jamus. Ta huɗu, kayan aiki su shigo daga waje, tun daga madubin tiyata mai ƙara girman abu, zuwa ƙusoshin gyaran ƙashin baya, zuwa siririn bututun da ake sa wa yaro don zuƙe ruwan kai. To, duk huɗun nan a kan jirgin sama suke tafiya.

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 23 ga watan, Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Maroko da Uganda da Indiya da Nijar duk sun rufe nasu a cikin wannan wata na Maris. Cikin makonni biyu kacal, hanyoyin nan huɗu suka toshe baki ɗaya. Tawagogin da aka shirya zuwansu suka soke tafiya. Yaran da aka ce wa iyayensu su jira zuwan baƙi suka ci gaba da jira. Likitan da ya sami gurbin ƙaro ilmi ya zauna da takardar gayyata a hannu, ofishin biza a rufe. Babban taron shekara-shekara na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda aka shirya yi a Boston a watan Afrilu, aka soke shi. Taron duniya na Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Tiyatar Ƙwaƙwalwa, wanda birnin Bogota na Kolombiya zai karɓa a 2021, sai a watan Maris na 2022 ya yiwu.

A cikin asibitoci ma abin ya taɓa wannan fanni fiye da yawancin sauran. Wanda aka buɗe wa ƙoƙon kai yakan buƙaci gado a sashen kulawa ta musamman, da na'urar taimakon numfashi, da likitan sa barci, da jini. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da korona ta cinye. A yankin Lombardi na arewacin Italiya, inda cutar ta fara yi wa Turai ɓarna, sai da hukuma ta tattara duk aikin gaggawa na ƙwaƙwalwa a 'yan asibitoci ƙalilan, sauran aka mayar da su wurin jinyar masu korona, likitocin tiyata da yawa suka koma duba masu sarƙewar numfashi. Masu ba da taimako su ma sun shiga neman taimako. Wajen kayan aiki kuwa, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bayyana a watan Afrilun 2020 cewa ƙasashe da yankuna 80 sun hana ko sun taƙaita fitar da kayayyaki irin su takunkumi da safar hannu da na'urorin numfashi. Kowa ya rungume nasa.

Wata gamayyar masu bincike mai suna COVIDSurg, wadda ke da cibiya a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ta ƙiyasta cewa a makonni 12 na tsananin annobar za a soke ko a ɗage tiyata miliyan 28.4 a faɗin duniya. A takarda, ana kiran irin waɗannan ayyuka da waɗanda za su iya jira. Amma ƙarin da ke danne jijiyar gani bai san an rufe gari ba. Idan jijiyar ta mutu, buɗe filin jirgi ba zai dawo da ido ba. Jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan haɗarin mota kuwa, sa'o'i yake bai wa likita, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Sai dai adalci ne a faɗi alherin da ya fito daga cikin wannan ƙunci, domin akwai shi. Ba a taɓa ganin likitoci sun yi musayar ilmi da sauri irin na wancan lokaci ba. Ga misali guda. Akwai aikin da ake bi ta hanci a ciro ƙari daga ƙasan ƙwaƙwalwa. A farkon annoba labari ya fito daga birnin Wuhan na ƙasar Sin cewa ma'aikatan asibiti da dama sun kamu bayan an yi wa wani irin wannan aiki. Likitocin Jami'ar Stanford suka rubuta gargaɗi, cikin kwanaki ya zaga duniya, asibitoci suka dakatar da aikin ko suka tsananta kariya. Daga bisani likitocin Wuhan da kansu suka yi ƙarin bayani a kan yadda abin ya faru, aka gyara fahimta. Gargaɗi da gyaransa duk sun gudana cikin 'yan makonni, abin da a da zai ci shekara.

Ita kuma gamayyar COVIDSurg ta nuna cewa ana iya yin bincike na duniya ba tare da kowa ya bar garinsa ba. A watan Mayun 2020 ta fitar da sakamakon marasa lafiya 1,128 daga asibitoci 235 a ƙasashe 24, inda aka ga kusan kashi 24 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata suna ɗauke da korona sun rasu cikin kwana 30. Bayan haka ta tattara bayanan mutum sama da 140,000 daga ƙasashe 116, ta gano cewa idan hali ya yi, gara a jinkirta tiyata mako 7 bayan kamuwa da cutar. Asibitocin Afirka, har da na Najeriya, sun ba da nasu bayanan, sunayen likitocinsu kuma sun fito cikin marubuta. Wannan ci gaba ne, domin an daɗe ana kuka da baƙon da zai zo ya kwashi bayanan marasa lafiyarmu, ya koma gida ya buga da sunansa shi kaɗai.

Koyarwa ma ta koma intanet. Laccar da a da sai mutum ya nemi biza, ya sayi tikiti, ya biya kuɗin taro da na masauki kafin ya saurara, sai ga ta kyauta a Zoom. Matashin likita a Zariya ko Yamai ko Garwa yana iya ɗaga hannu ya yi wa farfesan Toronto tambaya. Hotunan ƙwaƙwalwa suka riƙa yawo a WhatsApp tsakanin abokan aiki ana neman shawara. Ɗaliban likitanci na Afirka masu sha'awar fannin suka haɗa kansu a ƙungiyoyi, suna shirya darussa da kansu. Har wani babban aiki ya nuna a wannan tsakani: likitocin ƙwaƙwalwar yara na ƙasashe da dama sun haɗa murya suna kira a riƙa ƙara sinadarin folik asid a abincin yau da kullum, domin yana hana yawancin haihuwar jarirai da buɗaɗɗen ƙashin baya, kuma a watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙuduri a kan haka, bisa jagorancin ƙasar Kolombiya.

Amma masu sauraro, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu gaskiya. Tiyata aikin hannu ce. Yadda ake huda ƙashi ba a taɓa fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa ba, yadda ake raba ƙari da jijiyar jini a ƙarƙashin madubi, yadda ake tsayar da jini idan ya ɓalle, ba a koyon waɗannan sai a tsaye kusa da gwani, shekara da shekaru. Kallon kitso ba ya sa a iya kitso. Horon likitan ƙwaƙwalwa yakan ci shekara shida ko bakwai bayan gama karatun likita, kuma a lokacin annoba yawan ayyukan da masu koyo ke sa hannu a ciki ya ragu a kusan ko'ina. Ita kanta koyarwar ta intanet ba ta kai ga kowa daidai ba. Wani wuta za ta ɗauke masa ana tsakiyar darasi, wani kuɗin data zai gagare shi, wani kuma an sa lokacin ne daidai da agogon Amurka, shi a wurinsa tsakar dare ne. Yawancin darussan da Ingilishi ake yi, likitan Nijar ko Chadi da ya yi karatu da Faransanci sai ya yi da gaske.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato raunin da amana ta samu. Lokacin da rigakafi ya fito, ƙasashe masu arziki suka saye mafi yawansa tun kafin a sarrafa. Ghana ce ƙasar farko da shirin raba rigakafi na COVAX ya kai wa, ranar 24 ga Fabrairun 2021, Najeriya ta karɓi nata a farkon Maris, sai kuma Indiya ta dakatar da fitar da rigakafi saboda annobar ta yi mata tsanani, Afirka ta shiga dogon jira. A watan Nuwamban 2021, masana kimiyya na Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in cutar da aka sa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba. Tukuicin da suka samu shi ne rufe musu ƙofa. Birtaniya ta sa ƙasashen kudancin Afirka a jerin waɗanda aka hana shiga, a farkon Disamba ta ƙara da Najeriya, kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Likitan da ya ga haka ya fahimci cewa zumuncin da ake ta yabo a ɗakin taro yana da iyaka, kuma iyakar tana bayyana ne ranar tsoro.

To wane irin haɗin gwiwa ne annoba ba ta iya karyawa ba? Wanda ya riga ya bar gwani a gida. Tarihi ya nuna mana misalai. Marigayi Farfesa Latunde Odeku ya ƙware a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya dawo Ibadan a 1962 ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya. Ya rasu a 1974, amma sashen yana nan yana yaye likitoci. A Sakkwato, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar assasawa, ta horar da likitocin da ke aiki yanzu a asibitocin Arewa da dama. A Rabat ta Maroko, Farfesa Abdeslam El Khamlichi ya buɗe cibiyar horarwa a 2002 tare da goyon bayan tarayyar likitocin fannin ta duniya, da nufin ɗan Afirka ya ƙware a Afirka ya koma ƙasarsa. Cikin waɗanda ta yaye akwai Dakta Claire Karekezi, mace ta farko likitar tiyatar ƙwaƙwalwa a Ruwanda. Ranar da aka rufe sararin sama, likitocin da waɗannan cibiyoyi suka yaye suna bakin aikinsu, domin gida suke.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na garin Mbale a gabashin Uganda. A farkon shekarun 2000, wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, ya zauna a asibitin yara na CURE da ke can. Ya lura cewa yawancin yaran da ruwa ke tarar musu a kai, cutar da suka kamu da ita suna jarirai ce sanadi. Ya kuma lura cewa bututun da ake sa musu yakan toshe, idan ya toshe kuwa yaron da ke ƙauye mai nisa yana cikin haɗari. Da farko ya gwada wani bututu ƙirar Indiya mai suna Chhabra, na kimanin dala 35, da na Amurka mai kimanin dala 650, ya tarar sakamakonsu bayan shekara guda bai bambanta ba. Sannan ya haɗa wata dabara ta shiga da siririyar kyamara cikin ƙwaƙwalwa, a buɗe wa ruwan sabuwar hanya, a kuma ƙona wani ɓangare na naman da ke samar da shi, ta yadda yara da yawa ba sa buƙatar bututu ko kaɗan. Ya koma Amurka a 2006, likitocin Uganda da ya horar suka ci gaba da riƙe asibitin, har suna koyar da wasu daga ƙasashe daban-daban. Dabarar da aka haifa a Mbale yanzu ana amfani da ita a manyan asibitocin Amurka. Da aka rufe filin jirgin Entebbe na Uganda a 2020, dokar kulle ta wahalar da iyaye wajen kai 'ya'yansu, amma ba ta ɗauke wa asibitin likitocinsa ba.

Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe. Ziyarar baƙi ta mako biyu tana ceton rayuka, kuma wanda aka yi wa ɗansa aiki ba zai taɓa mance alherin ba. Amma ma'aunin haɗin gwiwa na ƙwarai shi ne abin da asibiti zai iya yi ranar da baƙon bai zo ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, dogaro kuma ƙaninsa ne. Yanzu ma ga sabuwar barazana: bayan annoba, ƙasashe masu arziki sun buɗe ƙofa suna ɗibar ma'aikatan lafiya don rage cunkoson da ya tarar musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ta ce kada a riƙa zuwa ana zawarcin ma'aikatansu, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru na ciki, amma jerin bai hana mutum tafiya da kansa ba. Likitan da aka kashe shekara goma sha wani abu ana rainonsa, idan albashi bai riƙe shi ba, kayan aiki babu, tsaro babu, zai tafi, kuma da wuya a ga laifinsa.

Saboda haka kiranmu ga gwamnatocinmu shi ne, duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da wata jami'a ko ƙungiya ta waje, a rubuta a ciki likita nawa, ma'aikacin jinya nawa, mai sa barci nawa da mai gyaran na'ura nawa za a horar, da kuma shekarar da aikin zai koma hannun 'yan gida gaba ɗaya. A ƙarfafa hulɗa tsakanin maƙwabta, domin tsakanin Sakkwato da Yamai, ko Kano da Damagaram, ko Maiduguri da Njamena, mota tana zuwa ko da jirgi bai tashi ba, kuma a tanadi yarjejeniyar da za ta bar maras lafiya da likita su ƙetare iyaka ko a lokacin kulle. A koya wa likitocin tiyata na manyan asibitocin jihohi yadda ake huda ƙoƙon kai a fitar da jinin da ya taru, a haɗa su da gwani ta waya, tun da ba kowane mai haɗari ne zai kai asibitin koyarwa da rai ba. A ajiye kayan aiki na watanni, a samar da iskar oksijin a cikin gida, a kuma sa tiyatar gaggawa cikin tsarin shirin annoba tun daga farko. Masu hannu da shuni da suka ɗanɗana rufewar hanyar Indiya da Masar a 2020, su tuna cewa kuɗin jinyar mutum guda a waje zai iya sayen na'urar da ɗaruruwa za su amfana da ita a gida, su da iyalansu a ciki.

Ga abokan hulɗa na ƙetare kuma, muna godiya, muna kuma roƙon a ci gaba da barin ƙofar darussan intanet a buɗe, a riƙa kawo manyan taruka Afirka kamar yadda aka yi a Marrakesh a 2005 da Cape Town a 2023, a sauƙaƙa biza ga masu neman ƙwarewa, a kuma bar likitan gida ya faɗi abin da asibitinsa ke buƙata kafin a loda kaya a jirgi. A watan Mayun 2025 ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar tinkarar annoba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Alƙawari ne mai kyau, amma cika shi yana wuyan kowace ƙasa, kuma mu talakawa muna da haƙƙin tambayar wakilanmu abin da suka tanada.

Mu ma akwai namu. Hular kwano ga mai babur, awon ciki da shan maganin da aka bayar ga mai juna biyu, da gaggauta kai jariri asibiti idan ya yi zazzaɓi ko aka ga kansa yana girma fiye da ƙima, waɗannan suna rage layin da ke gaban likitocin da ba su da yawa.

Allah Ya kiyaye mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.